Macijin ɗana ya daina cin abinci amma yana kwana yawo a keji: yunwa ce ko ciwo?

Maman Khalifa, Manchester:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san kiwon ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa, wadda masana suke kira Python regius, domin ɗana yana kiwon guda ɗaya a gidanmu a nan Ingila, kuma tun da sanyi ya shigo halinsa ya sauya. Na san wasunku za su ce me ya kai mu zama da maciji a ɗaki, to wannan muhawara mun riga mun gama ta da mahaifin yaron, kuma tunda dabba ta shigo hannunmu, haƙƙinta yana wuyanmu.

Macijin namiji ne, shekararsa 3 a cewar wanda ya sayar mana, kuma a hannun masu kiwo aka ƙyanƙyashe shi, ba daga daji aka kamo shi ba. A ƙarshen Satumba nauyinsa giram 1,150 ne. Ɗana yana ba shi ɓera daskararre mai nauyin giram 90 zuwa 100 duk ranar Asabar, bayan ya narkar da shi, kuma da can ba ya barin ɓeran ya taɓa ƙasa. Tun farkon Nuwamba ya yi kememe ya ƙi ci. Idan an miƙa masa, sai ya matso ya sansana da harshe, sannan ya juya kansa ya wuce. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, a daidai wannan lokaci ne yawonsa na dare ya ƙaru: daga bayan sallar Isha har kusan asuba yana zagaya keji, yana hawa reshe, yana dungurar ƙofar gilashi da hanci, wani lokaci ma muna jin faɗuwarsa tim daga ɗayan ɗakin. Ɗana ya ce yunwa ce take hana shi zama, don haka yanzu duk bayan kwana 3 yake narkar masa da ɓera, kullum kuma a kwandon shara yake ƙarewa.

Shin wannan yawo alamar yunwa ce? Idan yunwa ce, me ya hana shi ci? Kuma duk kwana nawa ya kamata a riƙa ciyar da maciji mai wannan girma?

Baban Hauwa, Hamburg:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Na daɗe ina kiwon irin wannan mesa, maza da mata, kuma abin da kika bayyana kusan kowane mai balagaggen namiji yana ganinsa tsakanin Oktoba da Maris, don haka ki kwantar da hankalin yaro.

Abu na farko, dare shi ne ranar wannan dabba. Da rana tana kwance a rami ko wani matsattsen wuri mai duhu, sai magariba ta yi sannan take fitowa, saboda haka motsin dare shi kaɗai ba ya nuna komai face cewa tana raye. Wanda ya saba da su yana iya bambanta mai jin yunwa da mai yawo. Mai jin yunwa ba ya zagaye. Za ki gan shi da almuru ya fito da kai da wuya daga bakin maɓoyarsa, sauran jikin yana ciki, ya ɗan lanƙwasa wuyan, ya kafe wuri ɗaya yana kallon ƙofar da abinci ya saba shigowa, harshe yana fita a kai a kai, kuma idan hannu ya gifta sai kan ya bi shi. Kwanton ɓauna yake yi. Wanda kuwa yake bin bango, yana hawa yana sauka, yana laluben kafar fita, wani abu dabam yake nema, kuma ga namiji mai shekara 3 a wannan watan, mafi yawanci mace yake nema. Lokacin barbara ne, kuma maza da yawa suna rufe baki a cikinsa wata 2, 3, har 5, su dawo ci da kansu ba tare da sun rame a zo a gani ba.

Game da jadawali, zan faɗa miki abin da nake yi, wanda bai yi nisa da na yawancin masu kiwo ba. Ɗan ƙyanƙyasa ana ba shi duk kwana 5 zuwa 7, abinci mai nauyin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin jikinsa, domin girma yake yi. Idan ya kai giram 500 ko ya ɗara, sai a ja tazarar zuwa kwana 10 ko 14. Balagagge kuwa, wanda ya gama tsawo, duk mako 3 ko 4 ya ishe shi, da ɓera mai kimanin kashi 5 cikin 100 na nauyinsa, wanda kaurinsa bai wuce wurin da ya fi kauri a jikin macijin ba. To ki auna da naku: giram 100 duk mako ga mai giram 1,150 abincin yaro ne ake ba babba. Ina kyautata zaton ya tara kitsen da zai iya kai shi wata da watanni, shi ya sa ɓera ko kallo bai ishe shi ba.

Shawarata ita ce ɗanki ya daina wannan miƙo na duk kwana 3, domin yawan buɗe keji da kaɗa ɓera a gabansa tsorata shi yake ƙara yi, ga asarar kuɗi. Ya bar shi mako 2 ko 3 cur, sannan ya gwada da ƙaramin ɓera, kamar giram 50 ko 60. Ya bari sai dare ya yi, a kashe fitilar ɗaki, a rage hayaniya. Ya narkar da ɓeran a firji tun daren jiya, sannan ya sa shi a leda ya tsoma a ruwa mai zafi-zafi har jikinsa, musamman kan, ya yi ɗumi irin na dabba mai rai, wato wajen digiri 37 ko 38. Wannan yana da muhimmanci, domin idan kika duba leɓen macijin na sama za ki ga jerin ƙananan ramuka, da su yake jin ɗumin jikin abin farauta a cikin duhu, kuma ɓera mai sanyi a wurinsa kusan ba abinci ba ne. Kada a yi amfani da na'urar ɗumama abinci ta microwave, domin tana dafa wani ɓangare ta bar wani a daskare. Ya riƙe ɓeran da dogon awartaki, ba da hannu ba, ya ɗan motsa shi a hankali daga nesa, kada ya tura masa a fuska. Idan bai kama ba, ya ajiye a bakin maɓoya ya rufe kejin ya tafi. Wasu masu kunya sai kowa ya yi barci suke ci. Da safe idan yana nan, a zubar, kada a mayar firiza.

Likitan Dabbobi, Zariya:

Hajiya, Allah ya saka da alheri da kika damu da lafiyar wannan dabba. Na yarda da yawancin abin da Baban Hauwa ya faɗa, musamman cewa abincin ya yi yawa, amma ba zan so ki ɗora komai a kan lokacin barbara ba tukuna, domin a aikinmu wannan shi ne bayani na ƙarshe da muke karɓa, bayan mun kawar da sauran. Abin da ya tsaya mini a cikin bayaninki shi ne dungurar gilashi da hanci. Macijin da yake ƙoƙarin fita dare bayan dare yana iya kasancewa yana gudun wani abu ne a cikin kejin: zafi ya yi yawa ko sanyi, iska ta bushe, babu wurin ɓuya da ya gamsar da shi, ko kuma ƙananan ƙwari masu shan jini sun dame shi.

Don haka ina roƙonki ki auna mana abubuwa kaɗan. Ɓangaren ɗumi na kejin ya kamata ya kasance tsakanin digiri 31 da 33, ɓangaren sanyi tsakanin 24 da 27, kuma ko da dare bai kamata ya sauka ƙasa da wajen 23 ba. Ki auna da ma'aunin zafi a ƙasa, inda cikin macijin yake taɓawa, kuma ki auna da tsakar dare, ba da rana kaɗai ba. Maciji ba ya samar da ɗumin jikinsa, daga waje yake samu, kuma idan ya ji wurin ba zai ishe shi narkar da abinci ba, ƙin ci shi ne dabarar kare kansa, domin ɓeran da ya daɗe a ciki mai sanyi ruɓewa yake yi. Danshin iska kuma ya kasance kashi 55 zuwa 70 cikin 100, a ƙara idan zai yi saɓa. Gidajen Turai da hunturu, saboda hitar da ke ɗumama ɗakuna, suna bushewa ƙwarai, kuma mu nan arewa abin da iskar hunturu take yi mana ke nan.

Sannan ki duba jikinsa da kyau a haske. Idan kin ji yana huci ko ƙarar fito lokacin numfashi, ko kin ga kumfa ko majina a baki da hanci, ko yana zama da baki a buɗe, kai a ɗage sama, to wannan ciwon numfashi ne, kuma ba a jiran mako 2 a kansa, wurin likitan da ya san dabbobi masu rarrafe za a kai shi. Idan yana yawan jiƙa kansa a kwanon ruwa, ki duba ƙasan kwanon da gefen idanunsa da ƙarƙashin haɓa ko za ki ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe masu motsi. Idan idanunsa sun yi fari-fari kuma fatar ta dusashe, saɓa ce take tafe, kuma da yawansu ba sa ci a wannan lokaci.

Abin da zai raba gardama shi ne sikeli. Ki sa shi a roba mai murfi, ki ɗora a sikelin kicin sau ɗaya a wata, ki rubuta. Lafiyayyen maciji mai hutun ci yana rage nauyi kaɗan-kaɗan ne. Idan ragin ya kai kashi 10 cikin 100, ko ya zo da sauri, a nan ne muke damuwa. Ki kuma kalli siffar jikin: idan ƙashin baya ya fito tsini, gefuna sun lotsa, ya rame, idan kuwa baya ya baje har tsakiya ya yi kwari, fata tana nannaɗewa idan ya lanƙwasa, kitse ya taru kafin wutsiya, to ƙiba ce. A cikin dabbobin da ake kiwo a gida ƙiba ta fi rama yawa, kuma tana kai su ga tarin kitse a hanta. Dabba ce mai tsawon rai, tana yin shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kula, har akwai wadda ta yi ƙwai a gidan namun daji na Saint Louis a Amurka a 2020 tana da kimanin shekara 62, saboda haka ba gaggawar ƙiba ake yi da ita ba.

Dalilin da ya sa tazara take da amfani yana cikin halittar mesa. Binciken da Stephen Secor da Jared Diamond suka yi a shekarun 1990 a kan mesar ƙasar Bama (Burma) ta Asiya ya nuna cewa tsakanin ci da ci hanjinta yana ƙanƙancewa ya huta, idan ta haɗiye abinci kuma sai ya kumbura ya kama aiki, yawan iskar da jiki yake sha ya ninka sau da yawa na 'yan kwanaki. Wanda yake ba balagagge abinci duk mako yana hana wannan hutu. Shi ya sa kuma ba a ɗaukar maciji a hannu sai an yi aƙalla awa 48 da ci, kuma idan ya harar da abin da ya ci, a bar shi mako 2 kafin a sake ba shi, da ƙarami.

Ga masu karatu da ke gida Najeriya da maƙwabta, ina da gargaɗi na musamman. Kada wanda ya kama ɓeran gida ko na gona ya ba macijin kiwo. Ɓeran da ya ci shinkafar ɓera yana iya yawo na kwanaki kafin ya mutu, kuma gubar tana wucewa ga wanda ya cinye shi. Mafi haɗari kuma, ɓeran nan mai nonuwa da yawa, Mastomys natalensis, wanda yana cikin abin da wannan mesa take ci a daji, shi ne babban mai ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu. Haɗarin a nan na mai kamawa ne da iyalinsa. Kuma ko'ina kake, ka wanke hannu da sabulu bayan taɓa maciji ko ɓeransa, saboda ƙwayar Salmonella, kada kuma a narkar da ɓera a kwanon da ake cin abinci.

Ɗan Zangon Lome:

Sallama ga kowa. Ni ba mai kiwo ba ne, amma a kudancin Togo nake zaune, kuma daga nan da Benin da Gana ne mafi yawan irin wannan mesa da ake fitarwa daga Afirka zuwa Amurka da Turai suke tashi, ƙarƙashin takardun CITES, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji. Mafarauta a nan suna samunsu ne a gonakin rogo da masara da saurukan da aka bari, cikin ramukan ɓeraye, da tsofaffin suri, da ƙarƙashin kututturen kwakwar manja da aka sare. A farkon shekara, da rani, suke tono mata masu ciki da waɗanda suka naɗe a kan ƙwai, su kai wa masu fitarwa a ƙyanƙyashe. Macen da ta naɗe a kan ƙwanta tana yin kusan wata 2 ba ta ci komai ba, ban da abin da ta yi kafin ta saka su. Saboda haka idan na ji ana lissafin Asabar da Asabar sai abin ya ba ni mamaki, domin a daji wata rana ta samu sheƙar ɓeraye ta cinye duka, wata rana kuma ta yi watanni baki a rufe.

Inda na ɗan saɓa da Baban Hauwa shi ne batun cewa mai jin yunwa ba ya zagaye. Wataƙila haka yake a keji, amma a daji suna fita farauta da ƙafarsu, idan za a ce maciji yana da ƙafa. Luca Luiselli da Francesco Angelici sun buga bincike a 1998 a kan waɗanda suka kama a kudu maso gabashin Najeriya, inda suka samu cewa maza sun fi hawa bishiya kuma tsuntsaye sun fi yawa a cikinsu, mata kuma sun fi cin ɓeraye da danginsu a ƙasa. To idan namijin Hajiya yana hawa reshe da dare, abin da kakanninsa suke yi ne, kuma faɗuwar da take ji tana nuna reshen ne siriri ko santsi. A sa masa masu kauri guda 2 ko 3 da aka kafa da kyau, ba masu tsawo sosai ba. Ni a ganina masu ajiye su a ƙananan durowoyi na roba, suna cewa ai dabba ce da ba ta motsi, da rana kawai suke kallonta.

Maman Khalifa, Manchester:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Likita, mun auna kamar yadda ka ce. Nauyinsa yanzu giram 1,120. Ɓangaren ɗumi yana kan digiri 32 da rana, amma da ƙarfe 3 na dare, bayan hitar gida ta mutu, ɓangaren sanyi ya sauka zuwa 20, na ɗumin kuma 25. Danshi kashi 38. Ba mu ji ƙarar numfashi ba, baki da hanci a bushe suke, kuma babu ƙwari a kwanon ruwa. Maɓoya guda ɗaya ce, a ɓangaren ɗumi, kuma akwai jan ƙwan fitila da yake kunne har safe, wanda aka ce mana maciji ba ya ganinsa. Tsawon kejin santimita 90, shi kuma macijin ya kai 105. Abokin ɗana ya ba shi shawarar ya gwada ɓera mai rai, wai motsi zai tayar masa da sha'awa. Mene ne ra'ayinku?

Likitan Dabbobi, Zariya:

Madalla, Hajiya, waɗannan alƙaluma sun yi magana. Ragin giram 30 bai kai kashi 3 cikin 100 ba, kuma bayan gida ɗaya da ya yi zai iya kai haka, don haka ta fuskar nauyi babu abin tsoro. Amma digiri 20 da danshi 38 sun isa su rufe masa baki ko da ba lokacin barbara ba ne, kuma idan aka daɗe a haka ciwon numfashin da ba ki gani ba yanzu zai iya zuwa.

Ɓera mai rai kada ya shiga kejin nan. Macijin da ba ya son ci ba ya kare kansa, dunƙulewa yake yi ya ɓoye kai, ɓeran kuma ya hau gadon bayansa yana gaigaya, kuma raunukan da muke gani daga wannan suna kaiwa har ƙashi. Ban da haka, a inda kike dokar kula da dabbobi ta 2006 tana hukunta wanda ya jawo wa dabba wahala ba gaira ba dalili, kuma ɓeran ma dabba ne a idon dokar.

A cire jan ƙwan, domin yana ganin haskensa, kuma dabbar dare tana buƙatar duhu na gaske. A sa hitar da ba ta ba da haske, irin ta tangaran, a haɗa ta da na'urar daidaita zafi, a kuma kewaye ta da raga don kada ya naɗe ta ya ƙone. Haske ya kasance awa 12, duhu awa 12, a lokaci ɗaya kullum. A ƙara maɓoya ta biyu a ɓangaren sanyi, matsattsiya mai ƙofa ɗaya, wadda jikinsa zai taɓa bangonta idan ya shiga, domin yanzu duk lokacin da yake son sanyi sai ya zauna a fili. A shimfiɗa ɓawon kwakwa mai kauri a ƙasa, a riƙa zuba ruwa a kusurwoyi yadda ƙasan zai jiƙe sama ya kasance a bushe, a kuma rufe wani ɓangare na ragar saman kejin idan tana da faɗi. Kejin kansa ya yi masa kaɗan. Idan hali ya samu a nemi mai tsawon santimita 120, faɗi 60, tsayi 60, amma ni da zan ba da shawara a bar sauyin keji sai ya dawo ci, domin sabon wuri shi kansa yana hana su ci na ɗan lokaci.

Bayan an gyara waɗannan, a ƙirga mako 2 ba a ɗauke shi ba sai don awo, sannan a gwada yadda Baban Hauwa ya bayyana. Idan ya ƙi sau 2 a jere, a sauya masa da ɗan tsako daskararre, tunda kamar yadda ɗan'uwanmu na Lome ya ce maza suna son tsuntsu. Idan nauyin ya sauka ƙasa da giram 1,040, ko kin ji sauyi a numfashinsa, ko hancin ya fara saɓulewa saboda dungurar gilashi, a kai shi wurin likita a wannan makon, a tafi da kashinsa na baya-bayan nan a leda don a duba tsutsar ciki.